Wasiƙa a Kan Duhun Dare

Daura,
Jihar Katsina.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da dukkan mutanen Zangon Kumasi. Saƙonka ya iso, na gode ƙwarai. Mu nan muna cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, ba mai iya kwana a ɗaki. Da an idar da Isha'i sai mu baza tabarmi a tsakar gida. Wannan kwanan wajen ne ma ya jawo wasiƙar nan.

Daren Juma'ar da ta wuce an ɗauke wuta, unguwa ta yi ɗif, sama ta fito fes kamar an wanke ta. Autata, wadda ke aji huɗu yanzu, tana kwance kusa da ni sai ta ce, "Baba, me ya sa dare yake da duhu?" Na ce saboda rana ta faɗi mana. Ta yi shiru, can ta ce, "To ai kai ka ce kowane tauraro rana ne. Ga su nan ba iyaka, me ya hana su haska mu?" Na ce ta yi barci, gobe zan ba ta amsa. Ita ta yi barcinta, ni kuwa har aka kira Asalatu idona biyu, domin tambayar da yarinyar nan ta yi ita ce ta hana manyan masana sakat na kusan shekara 300.

Ka tuna gonar kakanka ta bayan gari, lokacin da gero ya yi kai? In ka shiga tsakiyarta, duk inda ka juya idonka kara zai tarar. Ka leƙa tsakanin kara biyu na kusa, akwai wani a bayansu. Ka leƙa gefen wancan, akwai wani kuma, har ya zama ba ka ganin komai sai bangon kara. To haka ya kamata sama ta kasance in da taurari ba su da iyaka, kuma sun kasance tun fil'azal. Duk inda ka kai dubanka dole ya ƙare a jikin wani tauraro. Za ka ce ai na nesa haskensu ya raunana. Gaskiya ne, in ka ninka nisan tauraro sau biyu, haskensa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Amma a wancan nisan, yawan taurarin da ke kewaye da mu shi ma ya ninku sau huɗu. Abin da nisa ya rage, yawa ya mayar. Ke nan da sama gaba ɗayanta ta riƙa ƙuna kamar fuskar rana, dare da rana, ba mu da wurin ɓuya.

Wani masanin taurari, Johannes Kepler, ya hango wannan matsala tun 1610, sai ya yanke cewa lallai taurari suna da iyaka. A 1823 wani likita Bajamushe a birnin Bremen, Heinrich Olbers, wanda ke duba marasa lafiya da rana ya duba sama da dare, ya sake tayar da maganar, har yau ma da sunansa ake kiranta. Shi ya ce akwai ƙura a sararin samaniya da ke tare hasken, kamar yadda hazon hunturu ke dushe mana rana. Amsar tana da daɗin ji ga wanda ya san hunturun Daura, sai dai ba ta tsaya ba. Ka dubi ƙarfe a maƙera: in ya daɗe a wuta, shi ma ja yake yi ya fara haske. Ƙurar da ta sha hasken taurari na tsawon zamani mara iyaka, ita ma da ta ɗau zafi ta haskaka kamar su.

Amsar gaskiya tana cikin abin da ba mu cika kula da shi ba, wato haske tafiya yake yi, ba ƙiftawa da Bisimilla yake isowa ba. Yana cin kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, gudun da ba abin da ya fi shi, amma duk da haka gudu ne, yana buƙatar lokaci. Daga wata zuwa nan daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Daga rana minti 8 da daƙiƙa 20. Daga tauraro mafi kusa da mu bayan rana, fiye da shekara 4. Kaza da 'ya'yanta, waɗanda muke ƙirgawa muna yara muna gardamar ko shida ne ko bakwai, hasken da ke shiga idonmu daga gare su ya baro gida kimanin shekara 440 da suka wuce. Wato ya kamo hanya tun sauran fiye da shekara 200 a fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana tafe aka kafa Sakkwato, yana tafe Turawa suka zo suka tafi, sai yanzu ya faɗo tsakar gidana. Akwai kuma wani ɗan farin tabo da ake iya gani da ido a dare mai duhu sosai, babban gungun taurari ne da ake kira Andromeda. Shi haskensa shekara miliyan 2.5 ya yi a hanya. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

To ga inda zancen ya ɗaure. Masana sun auna shekarun wannan halitta, sun samu kimanin biliyan 13.8. Tunda tana da mafari, akwai taurarin da ke da nisan da har yau haskensu bai samu lokacin isowa ba. Gonar geron tana iya zama ba ta da iyaka, amma mu iyakar abin da saƙonsa ya iso muke gani. Su ma taurarin ba dawwama suke ba, ana haifarsu, su ƙone makamashinsu, su mutu, kuma duk abin da suka ƙona bai isa ya cika wannan makeken fili da haske ba. Duhun da ke tsakanin tauraro da tauraro shaida ne cewa duniya tana da ranar farawa. Subhanallah, shaidar tana saman kanmu kullum, manomi da makiyayi duk suna kallonta.

Abin da ya fi kama ni shi ne sauran labarin, domin ashe duhun ma ba wayam yake ba. A 1964 wasu masana biyu a Amurka, Arno Penzias da Robert Wilson, suna aiki da wata ƙatuwar eriya mai siffar ƙaho a Holmdel, jihar New Jersey. Sai suka riƙa jin wata 'yar shuuu da ta ƙi ɓacewa. Suka juya eriyar gabas, tana nan. Yamma, tana nan. Dare da rana, rani da damina, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Suka bincika wayoyi, ba su ga aibi ba. Suka tarar tantabaru sun yi sheƙa a cikin ƙahon sun ɓata shi da kashi, suka kore su, suka goge tas. Shuuu ɗin tana nan daram. Ina son wannan wurin, aminina, saboda mutanen nan ba su ce ƙaramin abu ne a bar shi ba, kuma ba su yi saurin cewa sun gano wani abin mamaki ba. Sai da suka durƙusa suka kankare kashin tsuntsu tukuna. A lokacin kuwa, a jami'ar Princeton da ba ta da nisa da su, Robert Dicke da abokan aikinsa suna haɗa na'urar neman wannan sautin daidai, domin lissafi ya nuna musu ya kamata a same shi. Aka haɗa su, aka buga sakamakon a 1965, kuma Penzias da Wilson suka samu kyautar Nobel a 1978.

Abin da suka ji, hasken farko ne. Kimanin shekara 380,000 bayan mafari, kafin a yi tauraro ko ɗaya, ko'ina cike yake da hayaƙi mai zafin kusan digiri 3,000, yana haske ta kowace kusurwa. Ka ga ashe abin da Olbers ya ce ya kamata a gani yana nan: duk inda ka duba, dubanka yana ƙarewa a jikin wannan bangon wuta. Abin da ya sa ba ya ƙona mu shi ne sarari yana buɗewa, kamar yadda wani masani, Georges Lemaître, ya lissafa a 1927, masanin taurari Edwin Hubble kuma ya kawo awonsa a 1929. Ka zana layi a jikin danƙo ka ja, layin zai miƙe. Haka wannan hasken ya miƙe sau kusan 1,100 a hanyarsa, ya fita daga abin da ido ke gani, ya huce har ya koma digiri 2.7 kacal sama da ƙarshen sanyin da ba a wuce shi. Ka tuna talabijin ɗin gidanku mai baƙi da fari, yadda yake yin yayyafi in tasha ta rufe? Wani ɗan ƙanƙanin kaso na wannan yayyafin daga can yake.

Washegari na kai yarinyar bayan gida inda muka jingine karan dawa, na sa ta leƙa ta tsakaninsu, na yi mata bayanin iyakar abin da za ta ɗauka. Ta saurara, sannan ta ce, "To hasken da bai iso ba, yaushe zai iso?" Na ce wani yana isowa kowane dare, wani kuma ba zai taɓa isowa ba, saboda hanyar tana ƙara tsawo fiye da yadda yake cin ta. Wannan ya dame ta, har yanzu tana maimaita shi.

Na san Kumasi gari ne na gajimare da fitilu, amma in ka samu dare mai kyau ka fita da yaranka bayan gari, ka rubuto mini abin da suka tambaye ka. Hajiya tana gaishe ka, tana kuma tuna maka goron da ka yi mata alkawari. Ka gaida maiɗakinka da yara, da Malam Babba in kun haɗu a masallaci.

Wassalam,
Naka amini har kullum.