Rumbun bayanai ya yi ta kuka, ba wanda ya ji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da abokan sana'ata masu kula da kwamfutoci, da iyayen gidanmu da ke biyan mu.

Aikina kula da rumbunan ajiyar bayanai a wurare bakwai a nan Gombe, ciki har da wani asibitin kuɗi da wani shagon ɗaukar hoton biki. Rumbun shagon ɗan akwati ne mai faifai huɗu, an jera su bisa tsarin RAID 5, wanda mutuwar faifai ɗaya kaɗai yake iya jurewa. In na biyu ya bi sahu kafin a canja na farko, to sai dai haƙuri.

Wata ranar bazara mai shagon ya kira ni, muryarsa na rawa: "Malam, hotuna sun ƙi buɗewa, ga dangin amarya a zaune." Na tarar da akwatin a ɗakin ajiye kaya, ƙura ta toshe fankarsa, fitilun faifai biyu sun canja launi. Da na duba tarihin na'urar sai jikina ya yi sanyi. Faifan farko ya mutu tun watanni baya, kuma na'urar ta yi ta ƙoƙarin turo mini imel, saƙon bai fita ba. Dalili kuwa, tun 30 ga Mayun 2022 Google ya daina barin na'urori su shiga Gmail da kalmar sirri zalla. Ni na saita gargaɗin da hannuna, ban sake waiwayarsa ba. Ƙarar da akwatin ke yi ma, yaron shago ya kashe ta don ta dame shi. Hotunan aure da dama ba su dawo ba, kuma har yau ina jin nauyin mutumin nan.

A makon na zagaya sauran wurare shida. Wani gargaɗinsa na zuwa wa ma'aikacin da ya bar aiki, wani ba a ma kunna shi ba. Kowane akwati da irin saitinsa, gwargwadon abin da na tuna ranar da na kafa shi.

Shi ya sa na daina saitawa ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta dokokin gargaɗi sau ɗaya a manhajar Zabbix, wadda kyauta ce, tana tambayar kowane rumbu lafiyarsa ta hanyar SNMP, wato yaren da na'urori ke ba da rahoton halin da suke ciki. In aka sa sabon faifai, da kanta take gano shi ta ɗora masa dokokin. Rumbu ya cika kashi 80 cikin 100, imel ya isa; ya kai 90, saƙo ya shigo Telegram. Faifai kansa yana da rahoton lafiya da ake kira SMART, kuma lamba ta 5 da ta 197 nake sa wa ido, domin su ke ƙirga wuraren da suka fara lalacewa. Da sun motsa nake neman sabon faifai. Na sa iyakar zafi a digiri 50, saboda kowa ya san Gombe a watan Maris da Afrilu. In kuwa faifai ya mutu, wayar mutum biyu za ta yi ƙara, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Inda na fi shan wahala shi ne rage surutu. Da farko duk ɗaukewar wuta sai saƙo ya shigo, har abokin aikina ya toshe sanarwar gaba ɗaya. Yanzu sai batirin UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ya sauka ƙasa da kashi 30 ake tashin mu. Sannan kowace Juma'a da safe akwai saƙon gwaji. Ranar da bai zo ba, na san hanyar saƙon ce ta lalace, kuma kafin a tafi masallaci nake bin ta.

Roƙona ga masu asibitoci, makarantu da shaguna: ku kira mai kula muku da na'ura, ku ce ya tura saƙon gwaji a gabanku, ku ga wayar wa ya shiga. Ku kuma tambaye shi inda kwafi na biyu na bayananku yake a wajen ginin, domin RAID ba ya maido da abin da aka goge ko gobara ta ci.

Naku,
Mai karatu daga Pantami, Gombe