Wai da gaske kayan sautin yanzu sun fi na da?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari. Na rubuto ne daga wani ƙauye a nan ƙasar Ringim kan wani musu da ya ƙi ƙarewa a majalisarmu ta bayan isha'i, wai kayan sautin nan na dijital sun fi na da ko ba su fi ba. Samari sun ce tambayar ma ɓata baki ne, ni kuma na ce a tsaya tukuna, don na ga jiya na ga yau.

Na taso na tarar da rakoda National Panasonic a ɗakin Baba, kawunmu ne ya zo masa da ita tsarabar aikin hajji, mai cin manyan batir guda 6, har riga aka ɗinka mata saboda ƙura. Ba zan ɓoye wahalarta ba. In batir ya yi sanyi sai muryar mai karatu ta riƙa ja kamar mai jin barci, mu kwashe batiran mu shanya a rana ko za su ɗan farfaɗo. Wani lokaci ta cinye zaren kaset sai an zaro shi a hankali an naɗe da biro, in kuma aka kwafi kaset daga wani kaset ɗin to fa na biyun sai ya fi na farko shuuu, na ukun ma ba a magana. Amma ta haura shekara 20 tana aiki, in ta tsaya mai gyara a kasuwar Gujungu zai buɗe ta ya canja bel ya goge kan da auduga, kafin la'asar ka ɗauko abinka.

Faifan CD da Sony da Philips suka fito da shi a 1982 bai daɗe a hannunmu ba, lokacin da ya iso ƙauye bai yi wani ƙarko ba, ƙurar hunturu kaɗai ta ishe shi, ya ɗan karce sai tsalle. Memori ce ta zo ta share kowa, kuma gaskiya a nan na sara wa dijital. Abu kamar farce ya ɗauke saukar Alƙur'ani sukutum da tafsirin azumi da waƙoƙi, ka tura wa mutum 10 na goman ya ji daidai da na farko ba abin da ya ragu, ga caji da sola ba sayen batir. Innarmu da idonta ya yi rauni tana danna maɓalli ɗaya karatu ya tashi, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce wallahi.

To amma Malam Edita shi sautin kansa fa? Bara da na sayar da riɗi na sayi sifika mai Bluetooth irin wadda yara ke cewa MP, sai walwali take da fitilu ja da shuɗi, a jikin kwalin an rubuta 5000W, abin da ake cajinsa da cajar waya ta ina zai ba da wannan ƙarfin dan Allah. Na sa waƙar gargajiya da na san ta tun ina yaro, ina jiran in ji inda kalangu yake magana, inda makaɗi ke matse tsarkiya muryar ta hau ta sauko, sai na ji dum dum kawai yana dukan ƙirji, 'yan amshi sun cakuɗe da kiɗa. Ƙara ta ƙaru, daɗi ya ragu. Wani ɗan ƙanina da ya yi karatun lantarki ya yi min bayani cewa MP3 matse sauti ake yi a zubar da wani ɓangare don ya shiga ƙaramin wuri, minti 1 a CD yana cin kusan megabait 10, a MP3 na gama-gari kuwa kusan 1 ne, kuma da yawan abin da masu turi ke zuba mana a memori an matse shi fiye da haka ma, wani daga bidiyo aka ciro, wani waya aka kara a bakin lasifika aka ɗauka. Sannan ita kanta sifikar 'yar ƙarama ce a cikin roba mara nauyi, ina za ta haɗu da ta rakodar Baba mai faɗi kamar faifai.

Wata 4 ta yi, zafin bazara ya kumbura batirin. Na kai wa mai gyara ya juya ta ya juya, ya ce komai a kan allo ɗaya yake an liƙe, kuɗin gyaran ya kusa na sabuwa, ya miƙo min ita. Abin ya min ciwo sosai don gumina ne. Ga kuma gajeren zango, waɗannan rediyoyin masu memori in kana neman BBC Hausa ko Rediyon Kaduna da asuba sai ƙuuu, balle in an jona caji, alhali tsohuwar rakodar Baba tana kamowa tar daga cikin ɗaki.

Ɗan ƙanin nawa ya ce akwai na dijital masu kyau ƙwarai da suka wuce kaset nesa ba kusa ba, na yarda da shi, sai dai ba su ake shimfiɗa mana a kasuwar ƙauye ba, tarkacen ne ke isowa gare mu kuma da kuɗinmu muke saye.

Roƙona shi ne ku gayyato masani da tsohon mai gyaran rediyo a shirinku, su koya mana yadda za mu gane mai kyau kafin mu biya, da yadda za mu kwashe tsofaffin kaset ɗinmu zuwa memori ba tare da an lalata sautin ba. Akwai kaset a akwatina da muryar Baba a ciki yana yi wa kawu sallahu zuwa Makka, Allah ya jiƙansu duka, ina so jikokinsa su ji shi.

Naku mai sauraro a kullum, daga ƙasar Ringim, jihar Jigawa.