Kada ka ƙara wa shaf ɗin nan kauri tukuna

Agege, Legas.

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ya Zariya, ya hunturu? Mu nan Ikko zufa ce dare da rana, ƙarfen da ka goge da safe kafin la'asar ya fara ja.

Saƙonka ya same ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na ga hotunan fukafukan ɗan jirgin saman da kake haɗawa, wallahi aiki ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma inda ka ce shaf ɗin giyabos, wato sandar ƙarfen da ke kai juyin injin cikin giyabos, ya fara cinyewa, za ka sa a sassaƙa maka wani mai kauri sannan a gasa shi ya yi tauri, nan ne barci ya ƙaurace mini. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto maka, domin abin da kake shirin yi shi ne abin da mu ma muka so yi wata uku da suka wuce.

Ka san injin da muka sayo wa namu jirgin a kasuwar Ladipo, Subaru mai silinda huɗu, tokumbo. Lafiyarsa ƙalau har gobe. Giyabos ɗin da ke rage gudu kuwa mu muka haɗa abinmu. Ba sai na tuna maka dalilinsa ba, amma bari in faɗa saboda yaran da ke taya ka aiki: injin mota sai ya kai wajen juyi 5,000 a minti yake ba da ƙarfinsa, farfela mai faɗin mita 1.8 kuwa in ta yi wannan gudun, bakinta zai riƙa keta iska da mita 470 a daƙiƙa, alhali sauti kansa mita 340 yake yi. Ƙara kawai za ta cika unguwa da ita, ba za ta ja jirgin ba. Dole a rage mata zuwa kusan rabi. Tsakanin fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a bayan injin, da giyabos kuma akwai ɗan shaf mai haƙora a tsaye, irin wanda ke shiga cibiyar faifan kuloci a mota. Shi ne ya yi mana tsiya.

Mun ɗaure injin a kan tebur na ƙarfe a bayan gareji, muna gwada shi kullum bayan an tashi aiki. Tun wajen awa goma na fara ganin wani jan gari yana fitowa ta ƙasan murfin fulawil, laushinsa kamar garin barkono. Na shafa da yatsa, na ce ai iskar Legas ce, tsatsa ce kawai. A silo kuma, in an sauke totur ƙasa sosai, sai ka ji giyabos yana ƙwanƙwasa kamar ana lugude a turmi. Da an ɗan ƙara wuta sai ya yi shiru. Muka saba da ƙarar. Ran da ya cika awa talatin da ɗaya, ina riƙe da totur, sai na ji wani ƙas, injin ya yi kururuwa ya haura sama babu kaya a kansa, farfela kuwa ta ci gaba da juyawa a hankali ita kaɗai har ta tsaya. Na kashe makunni hannuna yana rawa. Babu wanda ya yi magana a cikinmu. Kowa ya san inda wannan jirgin zai kasance da a ce yana tashi ne, ƙarshen fili a gabansa, rufin gidajen mutane a ƙarƙashinsa.

Muka kwashi guntayen biyu muka kai wa wani dattijo Bayarabe da ya yi ritaya daga gyaran jirage a Ikeja, Baba muke ce masa. Ya wanke su da fetur, ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya ce in duba. Wurin karayar bai yi kama da ƙarfen da aka murɗe da ƙarfi lokaci guda ba. Ya yi kama da lemon da aka yanka a tsakiya: daga gindin kowane haƙori tsaga ta taso ta nufi cibiya. Gefen tsagogin sumul, har da wasu layuka sirara kamar sawun ruwa a bakin rafi, sai can tsakiya ɗan wuri kaɗan mai kaushi, wanda shi ne abin da ya rage yana riƙe da farfela a daƙiƙar ƙarshe. Baba ya ce irin wannan karaya shaida ce cewa ana murɗa shaf ɗin gaba ana murɗa shi baya. Na ce yaya za a yi, injin ai gefe ɗaya yake juyawa? Amsar da ya ba ni ita ce dalilin wannan wasiƙa.

Injin ba ya ba da ƙarfi a miƙe kamar ruwan famfo. Naushi yake yi. Mai silinda huɗu yana yin naushi biyu a kowane juyi, wato a juyi 5,000 naushi 10,000 ke nan a minti, 600,000 a awa, kafin awa 17 an haura miliyan goma. Farfela kuma abu ne mai nauyi da faɗi, ba ta son a hanzarta ta, ba ta son a rage mata. Ga injin a wannan gefe, ga farfela a wancan, shaf yana tsakiya kamar zanen da mutum biyu ke matsewa. Yana murɗewa kaɗan, ya warware, ya sake murɗewa. Kuma kowane haɗi irin wannan yana da nasa bugun da yake lilo a kai. Ka tuna lilon da muke ɗaurawa a reshen tsamiya muna yara: ba ƙarfin turi ke kai yaro sama ba, dacewar turin da dawowar lilon ne. In naushin injin ya dace da bugun shaf, murɗin yakan ninka abin da injin ke bayarwa sau da yawa, har ya riƙa juyawa baya. A lokacin haƙoran suna barin wannan gefe su daki wancan. Luguden da muke ji a silo ke nan. Jan garin nan kuma naman haƙoran ne da kansu, suna gugar juna suna zuba, iska tana mayar da su tsatsa. Ruwa ba ya tsami banza, mu ne muka ƙi tambaya.

To ga inda kauri ke yaudarar mutum. Taurin shaf wajen murɗi yana hauhawa da kauri fiye da yadda ido ke zato: ka ƙara kashi 20 cikin ɗari a kaurinsa, taurinsa ya ninka biyu. Naushin bai ragu ba ko kaɗan, wurin da lilon ke kamawa kawai ka matsar zuwa sama. Yanzu yana kama ka a silo, inda kake jin sa da kunnenka kana ƙasa. Ka ƙara kauri ba lissafi, yana iya komawa daidai gudun da za ka riƙa tafiya a sama, inda ƙarar iska da salansa ba za su bari ka ji komai ba. In shaf ɗin ya ƙi karyewa, haƙoran giya ko boris ko karanshaf su za su biya bashin.

Wannan ciwo ya girmi kakanninmu. Orville da Wilbur Wright, 'yan'uwan nan na Amurka da suka ƙera jirgin sama, da sarƙa suka rage gudun farfelunsu, kuma a Nuwamba 1903 sau biyu shaf ɗin farfela yana ba su matsala a Kitty Hawk, inda suke gwajin jirgin. Na bututun ƙarfe ne, ƙarfinsa ya fi abin da injinsu ke bayarwa nesa ba kusa ba, amma ba ya lanƙwasa ya shanye naushi. Orville da kansa ya koma garinsu Dayton ya dawo da wasu na ƙarfe cikakke, waɗanda ba su kai bututun kauri ba, masu ɗan bayarwa. Da su suka tashi ranar 17 ga Disamba 1903, tashin daƙiƙa 12. Ka duba kuma Rotax 912, injin ƙananan jiragen sama na Ostiriya, wanda ke kai juyi 5,800: a cikin giyabos ɗinsa akwai abin da aka sa musamman don shanye wannan murɗi, kuma kamfanin ya ƙayyade iyakar nauyin farfelar da za a ɗaura da mafi ƙarancin silo. Air Beetle da aka harhaɗa wa sojojin sama a Kaduna, wanda asalinsa RV-6A ne, jirgin da mutane ke haɗawa a gida, shi injin Lycoming aka sa masa, mai juya farfela kai tsaye a juyi 2,700, babu giyabos balle wannan shaf. Mu da kuɗinmu bai kai can ba, dole mu biya da haƙuri da awo.

Laifinmu biyu ne, kuma ina jin tsoron ka yi irinsu. Na farko, cibiyar faifan kuloci da muka yi amfani da ita, mun cire mata sifirin ɗin nan mun yi mata walda, wai don kada ta yi wasa. Ashe abin da zai sassauta naushin muka kashe da hannunmu. Na biyu, farantin da ya haɗa injin da giyabos bai zauna a tsakiya ba. Da Baba ya ɗora agogon awo ya juya fulawil da hannu, allurar ta yi tafiyar da ta kusa rabin milimita. Ido ba ya ganin wannan, amma a kowane juyi haƙoran sai sun zame a kan juna, ga shi ko giris ba mu sa musu ba.

Batun gashi kuma, don Allah ka bar shi. A sa ƙarfe a wuta ya yi ja a tsoma a baƙin mai, wannan na kurfi da gatari ne. Shaf irin wannan fatarsa ake so ta yi tauri, cikinsa ya zauna da danƙo, kuma gindin haƙoran ya zama mai lanƙwasa, ba kusurwa mai kaifi ba, domin daga kaifin nan tsaga ke farawa. Wanda aka gasa gaba ɗaya ba ya cinyewa a hankali ya ba ka alama, fashewa yake yi kamar tangaran. Walda kusa da haƙora ma haka take lalata shi.

Mu yanzu mun sake farantin, mun sa fil biyu masu riƙe shi a tsakiya, mun shafa wa haƙoran baƙin giris mai moli, mun kuma sa robar nan mai kama da zobe da ke jikin dogon shaf ɗin ƙasan Marsandi tsakanin fulawil da shaf ɗinmu. Manufar ita ce lilon ya sauka ƙasa da silo, injin ya ratsa shi da sauri wajen tayarwa da kashewa kawai. Ita ma robar ba a yarda da ita haka nan: bayan kowane gwaji ina kashe injin in taɓa ta, in ta yi zafi sosai to tana shan wahala a wannan gudun. Duk awa biyar muna kwancewa mu duba. In ka canja farfela, ko da daga ta katako zuwa wata ta katako ce mai nauyi daban, lissafin ya canja, gwaji ya koma farko.

Abin da nake roƙonka a wannan makon: ka kwance shaf ɗin, ka wanke shi, ka jiƙa shi a kananzir da aka haɗa da ɗan mai, ka goge tas, ka shafa masa garin alli. In akwai tsaga, man zai tsattsafo ya zana ta a kan allin. Wannan dabarar tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa ce, tana kama manya, ƙanana kan tsere mata, don haka ko ba ka ga komai ba ka kai shi a duba da jan fenti na gwaji ko maganaɗisu. Kana zaune kusa da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke nan Zariya tun 1964, garin cike yake da injiniyoyin da suka san wannan aiki, ka nemi ɗaya ka kai masa gaisuwa. Kuma kada ƙafar jirgin nan ta bar ƙasa sai NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ta gani ta yarda.

Akwai direban tirela ɗan unguwarmu da zai taso daga Mile 12 ranar Talata, zan ba shi robar guda ɗaya da rabin karyayyen shaf ɗinmu ya kawo maka, ka riƙe shi a hannunka ka duba da idonka. Kai kuma ka turo mini hoton haƙoran naka kusa-kusa, da rana, bayan ka wanke su, ka kuma faɗa mini a juyi nawa kake jin ƙwanƙwasar.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
amininka na Agege.