Na Kama Gida a Bronx

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, na kuma ji ƙorafin Inna cewa wata biyu ke nan abin da nake aikowa ya ragu. Don Allah ka zauna ka karanta mata takardar nan a tsanake, ta san ba mantuwa na yi ba. Gida na kama, can kuɗin suka tafi.

Akwai abin da na ɓoye muku tun sanyin bara. Wata rana na taso daga aiki wajen ƙarfe ɗaya na dare, na sa makulli a ƙofar ɗakin ƙarƙashin ƙasan da nake haya, ya ƙi shiga. Ashe mai gidan ya canza kwaɗo. Kayana na waje cikin baƙaƙen ledojin shara, daddumar da Inna ta ba ni ta jiƙe sharkaf da ƙanƙara. Laifina kawai na yi maganar sanyin ɗakin sau biyu. Kwana uku na yi a masallaci. Sai daga baya na ji cewa a New York duk wanda ya cika kwana 30 a wuri, ba mai ikon fitar da shi sai da hukuncin kotu, kuma jami'in hukuma ne ke zartarwa, ba mai gida ba. Rashin sani ya fi dare duhu, Yaya. Tun ranar na ƙudurta cewa uwar yara ba za ta sauka a gidan da za a watsar mata da kaya ina wurin aiki ba.

Neman ya ba ni wuya. Binciken da birnin ya yi a 2023 ya nuna gidajen haya da ba kowa ciki ba su wuce kashi 1.4 cikin ɗari ba. Yawancin masu gida kuma sai sun ga abin da kake samu a shekara ya ninka hayar wata sau 40, wato gidan dala 1,500 sai mai samun dala 60,000. Nan wata-wata ake biya, ba kuɗin shekara a dunƙule kamar namu na Kano ba.

Wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muke sallah tare shi ya buɗe min ido. Ya ce, "Ɗana, bar kallon fenti. Tambayi shekarar da aka gina benen, ka ƙirga ƙofofi." Yawancin benayen da aka gina kafin 1974, masu gidaje shida ko fiye, hukuma ta sa wa hayarsu linzami, kuma gidajen haya masu irin wannan linzamin sun kai kusan miliyan ɗaya a birnin. Kwamitin da magajin gari ke naɗawa ne ke yanke ƙarin kowace shekara. Daga Oktoban 2025 zuwa Satumban 2026 ƙarin kashi 3 ne ga yarjejeniyar shekara ɗaya, 4.5 ga ta shekara biyu. Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne, in wa'adi ya cika dole mai gida ya sabunta maka, muddin kana biya kuma ba ka karya sharaɗi ba.

Saura kaɗan in faɗa wani sabon gida mai kyau, tayil ko'ina, mai shi na zaune a ƙasa. Akwai dokar 2024 da ta hana tashin ɗan haya ba kwakkwaran dalili, amma ba ta hau kan ƙananan masu gida irinsa ba, waɗanda gidajensu ba su wuce goma ba. Na yi masa godiya na fito, raina na so.

Wanda na samu tsohon bene ne kusa da titin Grand Concourse, hawa na biyar, ba lifta. Ciki biyu da falo, tagar kicin bango take kallo. Ina shiga na fara ɗora hannu a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, na ji shi da zafi, sannan na duba sauran. Ka tuna gobarar Janairun 2022 a nan Bronx, wadda ta ci rai 17, yawancinsu 'yan uwanmu 'yan Gambiya? Daga ƙaramar hita ta tashi, irin wadda ake kunnawa in ɗaki ya yi sanyi. Doka ta wajabta wa mai gida ɗumama bene daga 1 ga Oktoba zuwa ƙarshen Mayu, in ya ƙi a kira 311 a kai ƙararsa.

Ban sa hannu ba sai da na ga takardar da ke manne da yarjejeniyar, mai shaida cewa hayar mai linzami ce. Na biya hayar wata ɗaya da ajiyar wata ɗaya, don tun 2019 an hana karɓar ajiyar da ta wuce haka. Dillalin ya so ya karɓi la'ada a hannuna, na tuna masa cewa tun Yunin 2025 wanda ya ɗauki dillali shi ke biyansa, ni kuwa ba ni na ɗauke shi ba. Bai sake tayar da maganar ba.

Ba wai ba a tashin mutum a irin gidan nan ba ne. In bashin haya ya taru, za a ba ka takardar kwana 14, sannan a kai ka kotun gidaje, wadda ke kan titin nan namu. Amma gaban alƙali za ka tsaya, kuma dokar 2017 ta tanadar wa mai ƙaramin ƙarfi lauya kyauta.

Ka gaya wa uwar yara ta adana takardar aurenmu da takardun haihuwar yara wuri ɗaya. Tana isowa zan sa a rubuta sunanta a yarjejeniyar kusa da nawa, doka ta ba ni wannan. Ta kuma shirya wa hawan bene.

Daga watan gobe in sha Allahu saƙon Inna zai koma yadda yake, har da kuɗin maganinta. Ka durƙusa ka gaishe min da ita, ta ci gaba da sa mana albarka.

Naka,
Ƙaninka