Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kano: kafin a kwashe mutanen Kurmawa

Mai girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗaya ne daga cikin wasu 'yan unguwa da muka saba yin karo-karo, musamman da azumi, mu sayi sabulu da man ƙazuwa mu kai wa fursunoni, abin da ya yi saura mu biya wa masu ƙaramar tara. Ba mu da ofis. A zauren wani dattijonmu muke haɗuwa bayan la'asar.

Mun ji cewa gwamnatinka na shirin mayar da gidan yarin Kurmawa gidan tarihi, a kai mazaunansa sabon gidan yarin Janguza. Ginin da Turawa suka yi a 1910 domin mutum 690 ya daɗe da gajiya, babu mai musun wannan. Damuwata ita ce a loda kowa a mota a sauke shi a sabon gini mai ɗaukar mutum 3,000, a ce an yi gyara. Ranka ya daɗe, da yawansu ba Janguza ya kamata su nufa ba. Gida ya kamata su koma.

A faɗin Nijeriya, kusan biyu cikin ukun waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Alƙali bai ce sun yi laifi ba. An dai kai su ajiya, takardunsu suka tafi neman shawarar ma'aikatar shari'a, daga nan shiru. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, ya kuma iyakance lokacin da za a riƙe shi ba tare da shari'a ba. Amma talaka marar lauya, wa zai karanta masa sashe na 35?

A ƙofar wani gidan yari na taɓa tsayawa bayan wata tsohuwa. Ta zo da tuwo a kwanon samira, ɗaure da tsohon ɗankwali. Gandiroba ya sa cokali ya tona shi har ƙasa, ya ce ta ɗanɗana, ta gutsira ta ci da hannu yana rawa. Jikanta ne a ciki. Faɗa suka yi da wani a kan kuɗin cajin waya, aka kai su caji ofis. Ɗayan yana da mai tsaya masa, ya kwana a gida. Nata ya kwana bayan kanta, daga can sai kotu, sai ajiya. Wata na bakwai ke nan, ta ce, tana ƙirgawa da yatsu, kuma ko wanda suka yi faɗan ya daina zuwa kotu. Da muka ga yaron, tsakanin yatsunsa duk ƙazuwa ce, yana ta susa yana sunkuyar da kai don kada kakarsa ta lura. Gabzar da ake ba su, a kan naira 1,125 ake lissafa ta kullum, bayan an ɗaga daga 750. Wanda yake zuwa cefane ya san abin da wannan kuɗin zai iya saya.

Matasan cikinmu suna kawo mana muhawarar da ake yi a Amurka, inda wasu ke cewa a rushe gidajen yari da rundunar 'yan sanda gaba ɗaya, a zuba kuɗin a makaranta, asibiti da aikin yi. Kiran ya yi ƙarfi bayan da wani ɗan sanda ya kashe George Floyd a 2020. Matasan namu ne suka ba ni labarin Kalief Browder, ɗan shekara 16 da aka kama a 2010 bisa zargin satar jaka. Iyayensa suka kasa biyan belin dala 3,000, ya shekara uku a kurkukun Rikers ba a yi masa shari'a ba, aka janye tuhumar, ya fito, ya kashe kansa a 2015. Surutun jama'a ne ya sa majalisar birnin New York ta kaɗa ƙuri'ar rufe wurin a 2019.

Ni ban yarda a rushe 'yan sanda ba, na kuma faɗa musu. Wanda ya wanke gawar yaron da masu ƙwacen waya suka soka ba zai ce kowa a bar shi a waje ba. Amma tambayar da suke yi ta hana ni barci: cikin waɗanda muka kulle, mutum nawa ne kullewar ta zama dole? Ai mu ba baƙi ba ne a wajen sulhu. Kafin rigima ta kai gaban alƙali, mai unguwa da liman da dattawan layi sun kashe ta a zaure. Yanzu bashin dubu goma ma sai a kirawo ɗan sanda, alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar bashi ko ciniki.

Na san za a ce gidan yari na gwamnatin tarayya ne. Amma mafi yawan na ciki dokokin jiha ake zargin sun karya, kotunan jiha ne suka tura su, Kwamishinan Shari'a kuma naka ne. Tun 2023 gyaran tsarin mulki ya ba jihohi hannu a harkar gidajen gyaran hali. Dokar 2019 da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. Mai satar kaza ya share kasuwar Rimi wata guda, jama'a na ganinsa, ya kwana gaban iyayensa, ya fi a haɗa shi ɗaki da riƙaƙƙen ɗan fashi ya fito da sabuwar sana'a. A Nuwamban 2023 Ministan Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya tara naira miliyan 585 aka biya wa mutum 4,068 tara. Mun yi murna, amma ɗakunan sun sake cika, domin ƙofar shiga tana nan a buɗe.

Roƙona shi ne, kafin motar farko ta tashi daga Kurmawa, ka sa Kwamishinan Shari'a ya zauna da Babbar Jojin Jiha, Mai Shari'a Dije Aboki, a bi fayil ɗin kowane mai jiran shari'a ɗaya bayan ɗaya. Wanda zamansa ya wuce hukuncin laifin da ake zarginsa da shi, a sallame shi. A ba majistarori mota da mai su riƙa leƙa bayan kanta kowane wata kamar yadda doka ta ce, a kuma bar 'yan unguwa irinmu mu riƙa raka su.

Waɗanda dole a kai Janguza kuwa, a tuna da masu kai musu abinci. Kurmawa a tsakiyar birni take, tsohuwa kan taka da ƙafa daga Yakasai ko Mandawari. Janguza tana can hanyar Gwarzo, gaba da sabon mazaunin jami'ar Bayero, kuɗin adaidaita zuwa da dawowa ya fi kuɗin tuwon da za ta kai. A sa musu motar gwamnati ranakun ziyara, ta riƙa tashi daga cikin birni.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Naka,
wani mazaunin cikin birnin Kano