Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Tsara Birane

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Na ji ance hotunan da masu kyamara ke ɗauka a tsoffin unguwanni sun iso teburinka, har wasu a ofis sun fara cewa to ga hujja nan, a kawo katafila. Shi yasa nace bari inyi magana tun kafin a shafa jan fenti a bango.

Hotunan basu yi ƙarya ba. Kwata ta toshe, katanga ta tsage, kwano yayi tsatsa. Amma dan Allah ka sake dubawa a tsanake kaga su waye a ciki, ga wata baiwar Allah ta share ƙofar gidanta tas duk da ruwan kwatar na bi ta gabanta, ga tela da kekensa a bakin shago, ga yara da yunifom a goge zasu makaranta, wato mutanen nan basu saki unguwarsu ba, hukuma ce ta daina leƙowa sai ranar karɓar haraji.

Kuma anyi irin wannan a baya. A 1868 hukumar gyaran birnin Glasgow na ƙasar Scotland ta ɗauki mai hoto Thomas Annan ya ɗau hoton lungunan talakawa, ba don a gyara ba, don dama an gama shawarar rushewa. A New York ta Amurka hotunan Jacob Riis sun tada hankalin jama'a wajen 1890, aka rushe unguwar talakawa ta Mulberry Bend, aka buɗe lambun shaƙatawa a wurin a 1897. Lambu kam yayi kyau, amma ai ba a kwana a lambu.

Ni aikin wani mai ɗaukar hoto, Camilo José Vergara, yafi burge ni. Tun shekarun 1970 yake komawa lungu ɗaya a unguwar Harlem ta New York, daga baya har da birnin Detroit, ya tsaya inda ya tsaya bara ya sake ɗauka, sai kaga ashe lalacewa a hankali take zuwa, yau taga ta fashe ba a gyara ba, baɗi shago ya rufe, daga nan sai kango.

To ranka ya daɗe roƙona kenan. Ku fara da yashe kwata da kwashe bola da gyaran fitilun titi, a ɗau hoton layin yau, baɗi war haka a dawo a sake ɗauka, a manna duka biyun inda masu unguwa zasu gani. In kuma akwai ginin da dole sai an rushe, a gaya wa mutanen ciki inda zasu koma tun katafila bata iso ba.

Naka,
wani mazaunin tsohuwar unguwa