Wa ke ƙirga mamatanmu a Kaduna?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan alƙaluman mace-mace da ake karanto mana a rediyo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kaiwa shekara biyar, mata kuma 512 ke rasuwa a duk haihuwa 100,000. To amma fa wannan ƙiyasi ne, gida-gida aka bi ana tambayar wasu mutane, ba wai daga rajistar mamata aka ɗauko ba.

Mu nan Rigasa mutum zai rasu da asuba a gida, kafin azahar an yi masa wanka an sallace shi an kai makwanci, babu likitan da ya gan shi balle takarda, in ka tambaya me ya same shi sai a ce gajeruwar rashin lafiya ce. Hawan jini ne? Ciwon suga? Maleriya? Oho. Ajali gaskiya ne wallahi, amma ai ciwon yana da suna.

Dokar 1992 ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa rajistar haihuwa da mutuwa, sai dai galibi ba a zuwa neman satifiket sai in maganar fansho ko kuɗin banki ta taso.

Shawarata, gwamnatin jiha ta ba masu unguwanni da limamai da fastoci da masu kula da maƙabartu littafi su riƙa rubuta suna da shekaru da abin da iyalai suka ce ya faru, ma'aikatan asibitin unguwa su zo su karɓa duk wata.

Naku,
Mai karatu daga Rigasa, Kaduna